Tabon Da Na Ara A Hannun Mai Waina

Malam Edita, a shekarun farko bayan samun mulkin kai ni saurayi ne da ya gama firamare bai wuce gaba ba, ina aikin malamin sikeli a kasuwar auduga ta Makarfi. Mutum ne ni mai yawan wasuwasi tun ina ƙarami. Nakan sake alwala don ina shakkar na wanke gwiwar hannu, nakan dawo daga hanya in duba ko na rufe ɗaki. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne a ce na yi ƙarya. Wannan tsoron ne ya kai ni ga zaluntar wata baiwar Allah da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, kuma har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Da damina babu awon auduga, sai na shiga rubuta labarin ban tsoro irin wanda kakata take ba mu, na wata mayya mai kama kurwar mutane tana ɓoyewa a ƙarƙashin duwatsun murhu. Kafin in yi nisa wasuwasina ya motsa, na tafi wurin malaminmu na tambaye shi ko rubuta abin da bai faru ba zunubi ne. Ya yi murmushi ya ce tatsuniya ba yaudara ba ce, domin mai ba da ita yakan buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ya rufe da ƙurunƙus, kowa ya san wasa ake yi. Ya ce in dai na sa mata ƙofar shiga da ta fita babu laifi. Na sa su kuwa, da manyan baƙaƙe. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Sai na yanke wa kaina wata doka ta wauta, wai don in rage yawan ƙarya, duk abin da ba dole ne in ƙirƙira ba zan rubuta wanda idona ya gani. Da na zo siffanta mayyar, sai na ɗauko wata dattijuwa mai tuyar waina a bakin kasuwar Gazara, garin mahaifiyata. Mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a wani gida mai kuka a bayansa. Tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, tana da tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwa, kuma takan yi ɗan guna-gunin waƙa idan tana juya waina. Gwaggo nake kiranta, ita kuma ta ce da ni ɗan bokonta, ta ƙara mini waina biyu a kan wadda na saya. Ban sa sunanta ba, ban sa sunan garin ba, sai na ɗauka na rufa mata asiri. Amma na sa kukar, na sa ɗingishin, na sa tabon.

Da kaka na kai rubutun Zariya wurin wani ɗan kasuwa mai ƙaramin injin buga takardu. Ya karanta ya ce zai buga. Bayan makonni na koma, ya miƙo mini ɗan littafi mai ƙanshin tawada. Ina buɗewa na ga ya cire ga ta nan ga ta nanku, ya cire ƙurunƙus, a bango kuma ya sa an rubuta wai labarin gaskiya ne da ya faru a ƙasar Zazzau. Na ce masa wannan ba amanar da na ba shi ba ce. Ya yi dariya ya ce tatsuniya ta tsofaffi ce da yara, babu magidancin da zai ciro kuɗinsa ya saye ta, mutane abin da ya faru suke so. Ya ce in gode Allah, malamin sikeli ya zama marubuci. Mutumin nan bai taɓa taka Gazara ba, bai san wa zai cuta ba, kuma bai damu ya sani ba. Amma ni na sani. Ina iya cewa a tsayar, sai idona ya faɗa kan sunana a bango, na sa littafin a aljihu.

Da rani ya shigo littafin ya bazu a azuzuwan yaƙi da jahilci, inda magidanta ke taruwa bayan la'asar suna koyon karatun boko. Malaman ajin suka riƙa gayyatata in karanta da bakina. Na karanta a Ikara, na karanta a Kudan, ina kallon manyan mutane suna zare ido suna matsowa kusa da juna, ina jin daɗi. Kowane wuri sai wani ya tambaye ni ko da gaske ne, ni kuma in yi murmushi in ƙi amsawa, ina gaya wa kaina ai ban furta ƙarya ba. Sannan aka gayyace ni Gazara. A ƙarƙashin rumfar ajin ina karantawa, da na zo kan tabon hannu na ji wurin ya yi tsit irin wanda ban saba ji ba. Na ɗaga kai na ga mutum uku sun juya suna kallon bakin kasuwa, inda hayaƙin murhunta yake tashi. A nan ya kamata in rufe littafin in ce jama'a ni na ƙirƙira. Ban ce ba. Na ƙarasa karatuna aka tafa mini.

Kafin kasuwa ta sake ci, babu mai tsayawa gaban tandarta. Ba a yi wata guda ba matar wani manomin rake ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, tana sambatu. Aka ce a cikin sambatun ta ambaci waina. Mijin da 'yan'uwansa suka je da rana tsaka suka jawo Gwaggo, suka tuɓe mata mayafi a gaban jama'a, suka tilasta ta tsallake marar lafiyar sau uku, kamar yadda ake sa wanda ake zargi da maita don ya saki kurwa. Wasu suka tone duwatsun murhunta suna neman abin da na rubuta. Ku dubi irin wannan shari'a. Da matar ta mutu za a ce Gwaggo ta ƙi saki, da ta warke kuma za a ce ta saki. Ta warke ɗin kuwa, kuma babu wanda ya tuna cewa kwana ɗaya kafin nan an karɓo mata maganin zazzaɓi a asibitin sha-ka-tafi. Mutanen da suka shekara ashirin suna cin wainarta ba ta taɓa sa wa kowa ko ciwon ciki ba, su ne suka tsaya suna kallo.

Da labari ya iso gare ni na ɗauki kwafin da na rubuta da hannuna, wanda wasuwasina ya sa na adana, na tafi gaban dagacin Gazara. Na faɗi na yi gaisuwa, na nuna masa ga ta nan a farko da ƙurunƙus a ƙarshe, na rantse cewa ni na ƙaga komai. Ya saurare ni da haƙuri, sannan wani dattijo a gefensa ya tambaye ni ko kukar ƙarya ce, na ce a'a. Ya tambayi ɗingishin da tabon, na ce gaskiya ne. Sai ya ce to mutumin da ya faɗi gaskiya uku, don me za a ce na huɗun ne ya ƙaga. Wani ya ce rubutun hannu kowa na iya yi jiya da yamma, amma wanda inji ya buga irin takardar gwamnati ce, ba a buga wasa. Na ukun ya ce da ni kada in ji kunya, sun gane ta tsorata ni ne shi ya sa nake janyewa. Na fito ina kukan baƙin ciki.

Daga nan na wuce gidanta. Na same ta tana ɗaure 'yan kayanta, ƙanenta zai zo ya tafi da ita Janfalan. Na durƙusa na ce Gwaggo ta yafe mini. Ba ta zage ni ba, ta ce ita dai ba ta iya karatu ba, kowa ya ji abin da aka ce ta yi sai ita, don haka in karanta mata. Na karanta tun daga farko har ƙarshe, tana zaune tana kallon ƙasa. Da na gama ta miƙo hannun ta ce na iya siffanta shi sosai, amma ban taɓa tambayarta inda ta samo shi ba. Ta ce 'yarta ce ɗaya tilo ta jawo kaskon mai tana rarrafe, ita kuma ta sa hannu ta tare, ba ta tare duka ba, yarinyar ta kwana biyu ta rasu. Ta ce ta yafe mini don Allah, amma kada in sake kiranta Gwaggo a gaban mutane, kada abin ya shafe ni. Daga baya na ji cewa littafin ya riga ta isa Janfalan, kuma ba ta sake ɗora tanda ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Ina jin haushin mai injin nan, ina jin haushin mutanen da suka tuɓe wa dattijuwa mayafi, amma haushin kaina ya fi. Na yi ta gudun ƙaramar ƙarya da ba ta cutar da kowa, na je na jingina babba a jikin mutum mai rai, kuma sau biyu aka ba ni damar magana na zaɓi a yaba mini. Ina kira ga matasan da suke rubutu yanzu, idan za ku ƙirƙiri dodo ku ƙirƙire shi duka, kada ku ari fuskar maƙwabci ko tafiyarsa, domin mutanenmu suna girmama abin da aka buga fiye da rantsuwar wanda ya rubuta shi. Kada ku yarda wani ya sa wa labarinku sunan gaskiya. Ku kuma masu sauraro, ku ji tsoron Allah kafin ku juya ku kalli gidan wani. Duk ranar kasuwar Gazara ina wucewa ta bakin kasuwar, ramukan nan uku da aka tone duwatsun murhunta sun cike da ciyawa, kuma har yau babu wanda ya yarda ya kafa tanda a wurin.