Agogon da na cire wa gilashi

Yau na ji waya tana faɗa wa wani makaho lokaci, sai na tuna ranar da na ajiye agogo a tabarmar Baba.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ne. Na gama karatun injiniya a Samaru, ban samu aiki ba. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Da ya makance, ya daina tambayar ƙarfe nawa, don kada a tausaya masa.

Na sayar da kekena, na taka har Sabon Gari na sayo agogon tebur. Na cire gilashin, na ƙarfafa hannayensa, na manna kan ƙusa a kowace awa.

Tsorona kada ya ga kamar gori nake masa. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya kira.

Ya daɗe yana shafawa. Can ya juya wajen Inna.

"Ke, kokon nan ya makara. Bakwai ta wuce da kwata."

"Mun shiga uku," in ji Inna, "shugaban tasha ya dawo aiki."

Ni bai ce mini komai ba. Ku a gidanku, yaya uba yake godiya?