Sunan da Na Ƙi Kira a Kan Tsauni

Har yau ban manta da ranar da na ƙirga kawuna maimakon in kira sunaye ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan kuna ganin na cika tsanani a kan takardar sunaye. To, ga dalilin.

A lokacin ofishinmu ɗan shago ne a nan Tudun Wada. Mai shi ita ce Madam Nkechi, haifaffiyar unguwar nan, wadda in ta buɗe baki da Hausa sai ka ji kunyar taka. Duk rani mukan kai baƙi tsaunin Chappal Waddi a Taraba, can bakin iyakar Kamaru. Sai an sha doguwar tafiya a mota, sannan a shafe kwanaki a ƙafa. Sanyin da ke saman, na Zariya wasan yara ne.

Tsarin tafiyar shi ne jagora a gaba, baƙi da masu ɗaukar kaya a tsakiya, sai mutum ɗaya a ƙarshen layi, shi muke kira ɗan baya. Ba ya wuce kowa. Duk inda aka yada zango, shi ke buɗe takarda ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa. A tafiyar da nake ba ku labari ni ne ɗan baya, Madam ma tana tare da mu.

Cikin tawagar akwai kukunmu, wani dattijo daga Dutsen Abba. Ya fi mu duka daɗewa a harkar, ga barkwanci, ga iya shayi. Matsalata da shi ɗaya ce: sunansa sunan mahaifina ne. A gidanmu ba a yi ɗan da ya taɓa furta sunan nan ba. Don haka Baba nake ce masa, in kuma na zo kan sunansa a takarda sai in ɗaga kai in nemo hularsa, in wuce. Shi kansa yakan tsokane ni, ya ce, "Ɗana, ranar da ka kira sunana zan yanka maka zakara."

A rana ta uku ta hawa, da hantsi, gajimare ya sauko ya rufe mu. Na gabanka ma sai ka ƙura ido. Muka tsaya hutu a bakin wani rafi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, an rufe kai. Na fara kiran sunaye. Da na zo kan na Baba na nemi hular ban gane ta ba. Maimakon in ɗaga murya, sai na bi kawuna da yatsa. Mu goma sha huɗu muka taso, goma sha huɗu na samu.

Madam ta tambaye ni, "Malam Sabo, kowa ya amsa?"

Na ce, "Mun cika, Madam."

Muka ci gaba da hawa har azahar. Da muka sake zama, wani baƙo ya ce yana son shayi. Aka duba, ba wanda ya kunna risho. Madam ta ce, "Ina Baba?" Na sake ƙirgawa, har yanzu goma sha huɗu. Sai a lokacin wani da ke zaune a gefe ya yaye mayafinsa, na ga fuskar da ban sani ba. Ashe wani makiyayi ne da ya riske mu a rafin, ya biyo mu don hanyarmu ɗaya. Shi na ƙirga a madadin Baba.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Madam ta dube ni ta ce, "Ka kira sunansa a rafi?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Tambayarka nake yi."

Na ce, "Sunan mahaifina ne, Madam."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta bar baƙi a hannun jagora, ta zaɓi masu kaya uku, muka ɗauki igiya da barguna muka juya. Muna sauka muna busa usur, ina ƙwala kira, "Baba! Baba!" Ba amsa. Muka isa rafin, muka wuce shi kaɗan. Gefen hanyar gangare ne mai ciyawa da santsi, ga gajimare ya rufe ƙasansa.

Madam ta kama hannuna ta ce, "Sabo, duk tsaunin nan cike yake da babannin mutane. Kira shi da sunansa."

Shekara arba'in da wani abu harshena bai taɓa ɗaukar sunan ba. Na rufe ido na ƙwala iya ƙarfina, "Haruna! Haruna!"

Can ƙasa muka ji wani nishi.

Da igiya aka zura ni. Na same shi kwance a jikin wani dutse, butarsa a gefe, ƙafar dama ta karye, leɓɓansa sun canza launi don sanyi. Ya ratse ne don biyan buƙata kafin mu kai rafi, ya ji nauyin faɗa wa yara, santsi ya kwashe shi. Daga inda muka huta zuwa inda yake kwance bai kai tafiyar minti goma ba. Da na kira sunansa da hantsi, da tuni mun ciro shi. Daga baya ya ce yana jin usur da kiran kamar a mafarki, barci na jan sa, sai da ya ji sunansa ya gane da shi ake.

Muka ɗaure bargo a sanduna biyu muka ɗauko shi. Aka fasa hawan, baƙi suka koma ba su ga ƙololuwa ba. Kafin a kai shi asibiti an yi jinkirin da ƙafar ba ta sake miƙewa daidai ba. Baba bai ƙara hawa tsauni ba.

Bayan an sallame shi na je gaishe shi a Dutsen Abba, na kasa haɗa ido da shi. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ai ni ma kunyar ce ta jefa ni. Zauna." Sai ya kira matarsa, ta fito da kwano a rufe. Na buɗe, farfesun zakara. Ya ce, "Alkawari na cika." Na kasa kai loma baki, kuka nake kamar ƙaramin yaro.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanenmu masu ladabi ne, ni ma haka aka rene ni, kuma ban daina ba. Amma daga gindin tsauni zuwa sama, ladabin da mutum yake bin ka shi ne ka kira sunansa ka tsaya sai ya amsa. Ko mahaifinka ne da kansa a cikin layi, ka kira shi.