Tukwanen Gawayi da Suka Tsare Sunan Ƙauyenmu

Ko haƙorana za su zube don tsufa, ba na jin zan manta ranar da kwamitin gyaran iyaka ya zo ƙauyenmu, can bayan Yangoji. An ce za a sake zana gundumomi, kuma titin kwalta sabuwar iyakar za ta bi. Ke nan gonakinmu da maƙabartar kakanninmu za su fita daga hannun dagacinmu, su koma wata gunduma mai sunan rukunin gidajen da aka gina jiya-jiya. Sunan ƙauyenmu ma babu shi a sabuwar taswirar.

Ni aka zaɓa in yi magana, don ni ne ɗan bokon da ke aiki a ma'aikata cikin gari. Kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Sati biyu ina tara takardu, na sayi sabon fayil, na ba da kwat aka goge. Kakata, tsohuwar maginiyar tukwane da hannunta ba ya rabo da yumɓu, ta ce za ta bi mu. Na ce ta zauna gida, zaman na masu ilimi ne. Kallona kawai ta yi, ta ci gaba da tauna goronta.

A gindin mangwaron makaranta aka zauna. Na yi ta zuba Turanci, ina buɗe fayil ina rufewa. Shugaban kwamitin ya bari na gama, sannan ya ce, "Oga, ka yi ƙoƙari, amma duk takardun nan babu wadda ta nuna inda iyaka take. Shaida muke so a ƙasa." Dagaci ya sunkuyar da kai, ni kuwa na fara duba ta inda zan sulale.

Sai ga kakata da sandarta, ƙwarya a kafaɗa yadda matanmu ke ɗaukar kaya. Ta ce wa shugaban, "Ranka ya daɗe, iyaka tana nan, ba a takarda take ba. A kawo fartanya." Aka kwashe da dariya, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta kula ba. Ta ce a da, idan ƙauyuka biyu suka raba ƙasa, tukunya ake cikawa da gawayi a binne a kan iyaka, don gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. Tana yarinya ta ga an binne wadda uwarta ta gina.

Muka ɗunguma bayanta, muka tsallake kwalta, safiyo mai awon ƙasa na biye da na'urarsa. A gindin wata ɗorawa ta tsaya ta nuna da sanda. Aka yi ta haƙa, babu komai. Ta ce, "Ku matsa gabas kaɗan." Ba a jima ba fartanya ta daki wani abu. Baƙar tukunya ce cike da gawayi, ga zanen gidanmu a wuyanta, irin wanda kakata ke yi wa nata tukwanen. Wani dattijo daga ƙauyen maƙwabtanmu ya leƙa ramin ya ce, "Gaskiyarta. Babana ya ce akwai wasu biyu kafin rafi." Kafin la'asar an tono su.

Mata suka rangaɗa guɗa, maza suna ta kabbara. Ban san sanda na yar da fayil na rungume tsohuwar ba, kwat ɗina ya sha jar ƙasa. Shugaban yana dariya ya ce wa safiyo ya auna wuraren uku ya rubuta. Da taswira ta fito daga baya, layin tukwane iyakar ta bi, kuma sunanmu na nan daram.

A hanyar gida ta juyo ta ce, "Mai ilimi, riƙe mini ƙwarya." Na saɓa ta a kafaɗa, da kwat ɗina da komai, har ƙofar ɗakinta, samari suna ta yi mini tsiya.

Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Abin da ta koya mini shi ne asalin gari a cikin mutanensa yake, takarda daga baya take zuwa. Shi ya sa har yau, duk maganar ƙasa da aka kawo ofishinmu, kafin in buɗe fayil nakan fara tambaya ko akwai sauran tsohuwa a garin.