Ƙofar da Wanda Ba Ta Buga Ba

A garinmu na bakin tafki babu wanda bai ci abincin hannun wata mata mai suna Wanda Szymanski ba, domin ita ce mai girkin makarantar sakandare har ta yi ritaya. Mace ce mai murya kamar ƙararrawa, ga tsiwa, ga kyauta. Doka ɗaya ta kafa a gidanta tun ranar da marigayi mijinta da ƙaninsa suka ba hammata iska a kan teburin bikin godiya da iyali ke taruwa a ci tare duk shekara, har talotalo ya faɗi ƙasa: ba a siyasa a gidan nan. Mai so ya fita waje, can cikin sanyi.

Siyasar ce ta biyo ta har gida. 'Yarta Noreen ta sami ciki da girma, ruwa ya fashe tun wata biyar bai cika ba. Likitoci sun san jaririn ba zai rayu ba, amma sabuwar dokar hana zubar da ciki ta ɗaure musu hannu, suka yi ta jira sai da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Ta tsira, mahaifa dai ta tafi. Noreen ta roƙi uwarta kada a faɗa wa 'yarta Brynn, aka ce mata tiyata ce kawai.

Da zaɓen majalisar jiha ya ƙarato, aka ce kujerar gundumarmu ce za ta raba gardama, ko dokar ta zauna ko a sassauta ta. Wanda ta ɗaure takalmi. Unguwar ɗalibai ta zaɓa, don ta san cikinsu tun suna yara. Ta kan cika motarta da donot, wato fanken Turawa, ta bi gida-gida tana buga ƙofa.

"Kai, Travis, buɗe! Na ga ƙafarka ta ƙasan labule. Ni na ciyar da kai har ka yi wannan tumbin, ƙuri'a ɗaya ce za ta gagare ka?"

In sun buɗe sai ta sauke murya, ta ba su labarin wata mata da ta kwanta tana rawar ɗari likitoci na kallon agogo. Ba ta taɓa kama suna ba. Yara da yawa sun yi hawaye, ran zaɓe kuwa ita ta yi ta jigilarsu zuwa rumfar zaɓe har duhu.

Brynn fa, tana nan a ɗakin ƙasan gidan kakarta, tana karatun gyaran haƙori, shekarunta sun kai na zaɓe. Kullum Wanda kan wuce ƙofar ɗakin Brynn da kwalayen donot. Yarinyar ta kan leƙo ta ce, "Kaka, yau ma yaƙi za a fita? Ki dai lallaɓa gwiwar nan, ba sabuwa a kasuwa."

"Ja can, mai barcin asara," in ji Wanda, ta fice. Sau da yawa maganar zaɓen ta zo mata har baki, sai ta tuna dokarta, ta tuna alkawarin da ta yi wa Noreen. Kuma a ranta tana ganin jikar Wanda ai ba sai an ce mata ta je zaɓe ba. Taurin kan Wanda ne, ba wani abu ba.

Aka ƙirga, aka sake ƙirgawa, kunnen doki. A jiharmu in haka ta faru sai a rubuta sunayen 'yan takarar biyu a jefa a kwano, a zaro ɗaya. Aka zaro na mai goyon bayan dokar.

Ranar bikin godiya Wanda ta kasa cin abinci. Brynn na zuba dankali ta ce, "Haba Kaka, saki ranki mana. Ni ma da na san abin zai matse haka da na je."

Cokali ya tsaya a hannun Wanda. "Ba ki je ba?"

"Ina da gwaji ranar. Kuma ba wanda ya ce min komai, na ɗauka ba ruwan gidanmu. Ƙawayena dai suna ta zancen wata mata da kika ce ta kusa mutuwa. Wai Kaka, da gaske ne, ko dabarar neman ƙuri'a ce?"

Noreen ta ajiye wuƙar yanka talotalo a hankali. "Ni ce matar, Brynn."

Yarinyar ta dubi uwarta, ta daɗe, sannan ta juyo ga kakarta idanunta sun kawo ruwa.

"Duk garin nan kin faɗa wa, Kaka. Ni ina ƙarƙashin ƙafarki."

Wanda ta tsufa sosai tun daga lokacin, kuma baƙin cikin bai sake ta ba. Ta soke dokar teburinta, yanzu kowa na faɗin abin da ke ransa. Dokar jihar kuwa tana nan daram.