Saudatu da Kanular Mardiyya

An haifi Saudatu Yero a wata ruga kusa da Burkusuma. Tana makarantar koyon aikin lafiya aka kore shanun mahaifinta, iyalin suka dawo Isa da tabarmi da tukwane. Ta gama, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Ita ke yin allura da ƙarin ruwa, ita ke riƙe na'urar hoton ciki. Ba ta da yawan magana, sai in tsohuwa ta shigo da Fulatanci.

Ni malamin kimiyyar lissafi ne a sakandare. Na san ta ne ta dalilin ɗiyata Mardiyya, mai shekara tara, wadda cikinta ya kumbura. Saudatu ce ta fara ganin wani ƙari a jikin ƙodarta. Ta tura mu Sakkwato.

Sau huɗu muka je karɓar maganin ciwon daji, kowace tafiya sai mun tambayi direbobi ko hanya lafiya. A karo na huɗu likita ya ce ƙarin bai ragu ba. Aka sallamo mu da ƙwayoyin magani, aka ce a riƙa yi mata ƙarin ruwa a gida. Saudatu ta sa mata kanula, 'yar robar nan da ake bari a jijiya don kada a riƙa huda mutum kullum.

"Goggo, man ga naki awa ƙanƙara," in ji Mardiyya duk lokacin da Saudatu ta shafa mata man hoto.

"To ki faɗa ma babanki ya sayo muna mai ɗumi, shi da ya san kimiyya."

A lokacin na fara karatu a waya. Na tarar da binciken da ake yi a ƙasashen waje. Ana zuba wasu ƙananan kumfa a jini, kowace ba ta wuce girman ƙwayar jini ba, an lulluɓe ta da siririn kitse. Sai a auna wurin ciwon da sautin da kunne ba ya ji, dangin wanda na'urar hoto ke fitarwa. Kumfar ta dinga kumbura tana motsewa, tana tura tantanin da ya kewaye ƙwayoyin jiki, har ya buɗe 'yan ƙofofi na ɗan lokaci, magani ya shige, su rufe. In sautin ya yi yawa, kumfar ta fashe ta yaga abin da ke kusa. Na karanta wannan gargaɗin, na fahimce shi, na wuce.

Ga na'ura a Isa, ga magani a hannuna. Kumfa kawai na rasa. Na sayi sirinji biyu, na haɗa bakinsu, na dinga tura ruwan gishiri da ɗan iska tsakaninsu har ya yi fari kamar tsinkakken nono.

Ranar Talata bayan azahar na kai Mardiyya. Tana kwance a ɗakin hoto, na ja Saudatu baranda na yi mata bayani, na roƙe ta ta zuba wa yarinyar ruwan ta kanula. Ta saurara har ƙarshe. Ta karɓi sirinjin ta ɗaga shi saitin rana.

"Malam, ka auna su?"

Na ce ba ni da abin aunawa.

"Wagga ta sama ina ganin ta da idona. Kai ka ce ba a ganin su." Ta sauke hannu. "Na'urata ta kallo ce, ban san ƙarfin da taka hitarwa ba. Kuma tun randa na fara aiki, iska nika kora daga sirinji. In babbar kumfa ta tahi ƙwaƙwalwarta hwa?"

"Mutuwa za ta yi ko ba mu taɓa ta ba."

"Na sani. Amma ba da hannuna ba."

Na miƙa hannu na karɓi sirinjin na sa a jaka. Ta bi jakar da kallo. Sannan ta dubi ƙofar ɗakin da Mardiyya take. Na ga tsoro a fuskarta, kuma na gane ni take tsoro: kanula na hannun yarinyar, ni kuma da ita zan koma gida.

Ta shiga ta cire ta. Ta danne wurin da auduga.

"Daga yau ni za ni riƙa zuwa gidanku," ta ce. "In sa, in jira ruwan ya ƙare, in cire."

Haka ta yi kwana goma sha tara. Jijiyoyin Mardiyya sun riga sun ƙanƙance, wata rana sai an huda sau huɗu kafin a samu. Da yarinyar ta ji babur ɗin Saudatu ya tsaya a ƙofar gida sai ta fara ɓoye hannuwa a ƙarƙashin zane. Ni ke riƙe ta. Mahaifiyarta ta tambayi Saudatu me ya hana a bar kanular kamar da. Ina tsaye, ina jiran ta faɗa.

"Tana iya ruɓar da jijiya, Hajiya," ta ce, ba ta dube ni ba.

Ban san ko da na aikata ba in da an bar min hanya. Na san dai sirinjin suna jakata duk kwanakin nan, kuma sau biyu na sake kaɗa ruwan.

Mardiyya ta daina ce wa Saudatu Goggo. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, tana fushi da ita. Mahaifiyarta ma har yau ba ta amsa gaisuwar Saudatu da kyau, tana cewa ta wahalar da yarinya a banza. Na rubuta wannan ne don matata ta karanta, don na kasa faɗa mata da baki. Saudatu tana nan a asibitin, ba ta gaya wa kowa ba.