Garin Tsingaro

Kakata ta wajen uwa Bagwariya ce, maginiyar tukwane, a bayan unguwar Dutse Alhaji tun gonaki ba su zama gidajen haya ba. Ranar gasa tukwane ita ce ranar tatsuniya. Magariba na wucewa sai mu jikoki mu kewaye wutar, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi.

Hausar Kaka ba ruwanta da mace ko namiji. "Ga shi nan, ga shi nanku," haka take farawa.

"Kaka, ga ta nan ake cewa!"

"Tatsuniya nawa ne ko naku? Ku rufe mini baki."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wata maginiya ce, duk tukunyar da ta sa a wuta sai ta tsage. Ita kuwa ba ta iya zubarwa, don ta sha wuya a kansu. Ta yi ta jibge su a ɗaki har ta rasa inda za ta shimfiɗa tabarma, ta koma kwana a bakin ƙofa. Rannan zanzaro ya zo ɗibar laka, ya ce, "Ikon Allah! Fasassun tukwane a ɗaki, mai ɗaki a waje?" Haushi ya turnuƙe ta, ta kwaso su ta zuba a turmi, ta yi ta kirɓa har suka zama gari. Garin ya zube cikin sabon yumɓunta, gajiya ta hana ta sake kwaɓi, ta gina haka nan. Wannan tukunyar ce ta fito daga wuta garau.

"Shi ya sa nake daka tsingaro," in ji Kaka. "Tukunya da ya mutu, shi ke riƙe na gobe." Mu dai doyar da ta binne a toka muke jira.

Yau ni mai zane ne, ina da ɗan ɗakin aiki a Apo, bayan garejin makanikai. Kaka ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Bara mahaifiyata ta ce, "Kai da kake zana mutanen Maitama har da karnukansu, zana mini uwata mana."

Wallahi fuskar nan ta ƙi ni. In ido ya yi, baki ya ɓaci. Alluna suka taru jingine da bango, kowanne da baƙuwar tsohuwa tana kallona. Abin da ya fi ci mini rai, na gane fuskarta ta fara ɓace mini. Kunya ta sa har wayar Mama na daina ɗauka.

Wata rana da azahar na ɗauko sallaya, na rasa inda zan shimfiɗa ta. Na tsaya, sai dariya ta ƙwace mini, ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Ashe ni zanzaro yake wa magana.

Na ɗauko farin fenti na shafe allunan duka. Kai, ban taɓa jin sakayau irin na ranar ba! A kan ɗaya na zana abin da ban manta ba: hannayenta a bakin tukunya, da babban yatsanta mai lanƙwasa. Launin tsohuwar fuskar yana leƙowa ta ƙarƙashin farin, shi ya ba ni kalar fatarta.

Na kai wa Mama. Ta ce, "Ina fuskar?"

"Ta gagare ni, Mama."

Ta matso kusa da allon. Sai ta ɗora yatsanta a kan yatsan nan mai lanƙwasa.

"Ga shi nan," ta ce.

Ban gyara mata ba.