Dakta Pyo Mal-sun, Mai Dashen Fata da Suka Kora

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, ina tsaye bakin kaskona a kasuwar kifi ta Busan, maƙwabciyata ta dafa kafaɗata ta ce, "Deok-hi, sauke kaskon nan. Dakta Pyo ta rasu." Dakta, wai kina cikin wanke wa wata tsohuwa gyambo da hantsi, kika ce bari ki ɗan zauna, daga nan ba ki ƙara tashi ba. Zuciya ce ta tsaya. Shekararki sittin da huɗu.

Ni ba marubuciya ba ce, Dakta, mai suyar kifi ce. Amma na ji abin da manya suka faɗa a kanki a wajen makoki, na ga in na yi shiru ƙarya za ta zauna daram.

Na san ki ne ranar da tukunyar gas ta fashe a rumfata, tafasasshen mai ya wanke min hannun dama tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Bayan kun yi ta kankare mataccen nama, kika zo bakin gadona kika ce za ki yanko fata daga cinyata ki shimfiɗa a kan ƙunar. Na ce, "Haba Dakta! Hannu ne ya ƙone, me cinya ta yi miki?" Kika yi dariya kika ce, "Yaya Deok-hi, wannan cinyar taki ai ta isa ta rufe mutum uku. Ɗaga zanin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Kin girme ni a ilimi, na girme ki a haihuwa, kuma tun daga ranar ba ki taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya.

Ba ki ɓoye min komai ba. Kin ce fatar za ta zama siririya kamar ɓawon albasa, za a bi ta da na'ura a huhhuda ta kamar raga domin ta miƙe ta rufe wuri mai faɗi. Kin ce cinyar za ta fi hannun zafi, kuma haka aka yi, na zage ki tas a raina. Ranar da aka kwance bandeji kika sunkuya kina dubawa, can kika ɗago kika ce, "Ta kama." Da wannan hannun na aurar da 'ya'yana biyu.

A sashen naki na haɗu da Baba Tak, masunci mai ciwon suga, wanda gyambo ya cinye masa diddige. Ko'ina ya je cewa ake a yanke ƙafar. Ke kika ce a dakata. Kika dasa fata, ta ruɓe. Kika sake dasawa, ta sake ruɓewa. Shi kansa ya gaji ya ce, "Dakta, yanke ta kowa ya huta." Kika ce, "Baba, ƙafarka ce amma aikina ne. Ka daina satar taba a banɗaki, ka ga ko ba za ta kama ba." Ya daina. Ta uku ta kama, ya koma jirginsa da ƙafafunsa biyu.

To, wannan sashen shi aka rufe. Sabon shugaban asibiti ya zo ya ce masu ƙuna suna daɗewa a gado, sashensu yana wari, ba ya kawo riba. Aka kwashe gadajen, aka shafa fenti mai ruwan hoda, aka mayar da wurin na gyaran hanci da fatar ido. Ban ce kada kowa ya gyara hancinsa ba. Amma garin da ke cike da masu walda da masu suya da masu aikin injin jirgi, a ce babu inda za a kai wanda wuta ta ci? Kin miƙe a taron shugabannin asibitin kin faɗi haka, sai suka ce kin tsufa, kin cika tsiwa, ki je ki huta. Suka ba ki allon yabo na katako suka raka ki bakin ƙofa.

Ba a rufe shekara ba wuta ta kama Gyu-nam, ɗan maƙwabciyata, yana walda a cikin jirgi. Motar asibiti ta kai shi tsohon wurinki, aka ce ba a karɓar masu ƙuna yanzu. Suka je wani asibitin, babu gado. Kafin su isa garin da zai karɓe shi, ya cika a hanya, ya bar mata da ciki. Da kika zo gaisuwa kin durƙusa gaban uwarsa kina cewa ta yafe miki. Ke da ba ki da laifi ke ce mai neman gafara, masu laifin ko leƙowa ba su yi ba.

Hutun da suka ce ki yi, ba ki yi shi ba. Kin kama ɗan ƙaramin ɗaki a saman shagon magani kusa da tashar jiragen ruwa, babu ɗakin tiyata, babu mai kama miki sai nas guda. Hannun da ya iya dashen fata ya koma wankin ciwo da naɗa bandeji. Duk wanda kika ga sai an yi masa dashe, sai ki yi ta buga waya kina roƙon yaran da ke kika koyar da su. Na sha kawo miki soyayyen kifi in tarar da na jiya a ajiye ba ki taɓa ba.

Shi ya sa jinina ya tafasa a gidan makoki. Muna zaune mu tsofaffin majinyatanki ana zuba mana miyar nama mai yaji, sai ga shugaban nan da baƙar kwat, an shigo masa da furannin da suka fi na kowa tsayi, sunansa a jiki ɓaro-ɓaro. Ya rusuna gaban hotonki, ya juyo ya ce asibitinsu ya yi rashin uwa. Baba Tak ya ajiye cokali ya ce, "Ranka ya daɗe, wace uwar? Wadda kuka fitar wa da kaya waje?" Shugaban ya gyara wuyan riga, ya ce yau ba ranar wannan magana ba ce. Uwar Gyu-nam ta ce, "To yaushe ce ranar? Faɗa min in zo." Sai ya nemi takalmansa.

Dakta, Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya sanyaya makwancinki yadda kika sanyaya mana jiki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Mista Seol, da 'yarku Ara, Allah ya ba ku haƙurin rashinta. Ku yi mana uzuri da muka ɗaga murya a makokinku. Shekaru muka yi muna cin lokacin da ya kamata ya zama naku, ba ku taɓa yi mana gori ba. Su kuwa waɗanda suka rufe ƙofar nan, ba na yi musu mugun baki. Ina roƙon Allah ya kare 'ya'yansu daga wuta, domin a garin nan yanzu babu mai karɓar su.